Sau Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta rubuto daga Maraɗi tana cewa in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa, 'yar uwa, wallahi ina ji. Abin da nake roƙo kawai, ki kai ƙarshen karatun kafin ki yanke min hukunci.

Ga wanda yau ne shigowarsa ta farko: sunana Lubabatu, shekarata ashirin da shida, ɗinki nake yi a Zongon Kwatano. Ina zaune a ciki da falo a saman wani sito na tayoyi, bene ɗaya, ƙofa ɗaya, ni da ɗiyata Asiya. Mijina direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Parakou wata goma sha ɗaya ke nan. Ranar da aka kawo shi Asiya na tsaye a bakin bene da ledar alewa a hannunta. Tun daga ranar ba ta sake cewa uffan ba. Yarinya 'yar shekara biyar, wadda a da sai na roƙe ta ta yi shiru in ji kiran salla. Likitoci biyu sun duba ta, sun ce kunne lafiya, harshe lafiya, in yi haƙuri.

Ni ina da haƙuri. Yayan mijina, Alhaji Labaran, shi ne nasa ya kusa ƙarewa. Ran sadakar arba'in ya ce ya ba ni shekara guda daga ranar rasuwar. In yarinya ba ta yi magana ba zai tafi da ita gidansa a garin Jugu, can arewa, ta tashi cikin 'ya'yansa, malaminsa ya yi mata magani. Ya ce dama 'yar fari ba a barin ta hannun uwa, gata aka yi min.

Sai kuma maganar da ta sa baiwar Allah ta Maraɗi fushi da ni: akwai kare a ɗakina.

Sunansa Biju. Ɗan ƙarami ne, fari, tsoho, ido ɗaya ya fara hakiya. Na Madam Akuavi ne, wata tsohuwar malamar makaranta a unguwar Houéyiho da nake yi wa ɗinki tun ina koyo. Ranar da na kai mata kayanta na ƙarshe, ina gwada mata riga a falo, sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa daga bayan kujera.

"Zo. Zo mana."

Allurar da ke bakina ta faɗi. Na leƙa. Asiya ce a durƙushe, ta miƙa wa karen hannu.

Shi ya sa da Madam ta ce za ta tafi aikin ido na wata guda, gidanta kuma ruwa na shiga duk damina, ba ta san inda za ta bar shi ba, bakina ya riga hankalina. Na saka shi a kwandon yadi, na rufa masa atamfa, na hau zem, wato ɗan acaɓa, da shi a cinyata ina ta salati har Zongo.

Yau kwanansa shida.

Ba zan ɓoye muku ba, kwana shidan nan su ne mafi daɗi da na gani tun rasuwar. Kun san watan Yuli a garin nan, iskar teku ta juyo, gari ya yi luf, da safe har mutum ya nemi mayafi. Bayan asuba nakan ɗora kunun gyaɗa, in jefa citta a shayi, in ɗumama ruwan wanka. In zaunar da Asiya a kan kujerar tsuguno in mulke ta da man kaɗe tun daga wuya har tafin ƙafa, in sa mata rigar sanyinta mai ruwan ƙwai da safa. Biju na kwance a kan buhunsa bakin ƙofar kicin, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallonmu kamar tsohon da aka bar wa jiran gida.

Na kafa masa doka, kuma yana bi. Ba ya hawa gado, ba ya taka darduma, ba ya shiga ƙuryar ɗaki. Kicin nasa ne, da baranda, da saman rufi inda na zuba masa yashi a tsohon baho. Kwanonsa daban, wani na silba mai kyau wanda Madam ta haɗo da shi, da zanen tafin kare a gindinsa. Kullum da safe ina wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar yadda aka koya mana a islamiyya. Har gwangwanin madara na cika da ƙasa na ajiye a gefen famfo saboda haka.

A wajen wankin kwanon nan na fara jin ƙirga daga bakin ɗiyata. Rana ta uku ce. Ina wankewa ina ƙirgawa a fili, da na kai huɗu sai na yi shiru da gangan.

"Biyar," ta ce. Ba ni take kallo ba, Biju take gaya wa.

Na ci gaba da cuɗa kwano kamar ban ji ba, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Na lura in na yi murna a fili sai ta koma ciki kamar dodon koɗi. Don haka na koyi yin shiru. Da yamma in gasa mana masara a kan kurfoti, in dafa gyaɗa, mu zauna a baranda mu uku muna kallon masu zem suna tsere da yayyafi. Tana ɓare gyaɗa tana ba shi labari a kunne. Labarin makaranta, labarin takalminta da ya matse ta, rannan har na ji ta ce, "Babana yana da babbar mota, ja." Na tashi na shige banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Amma da shi kaɗai take magana. In mai ruwa ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko wata ta hawo karɓar ɗinki na kulle Biju a kicin, shi ke nan, bakin ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Yau da safe, ina cikin yanka burodi, waya ta yi ƙara. Innata ce.

"Luba, kin tashi?"

"Na tashi, Inna. Ina kwana?"

"Lafiya. Ki gyara ɗaki. Alhaji Labaran ya shigo gari jiya, yana jiran kaya a tashar jirgin ruwa. Ya ce bayan la'asar zai zo ganin yarinya. Zan rako shi."

Wuƙar ta tsaya a tsakiyar burodi.

"Yau, Inna? Ai shekara ba ta cika ba. Saura wata guda."

"Ni kike gaya wa? Ki gaya masa in ya zo. Tun yaushe nake ce miki ki ba wa yaron nan Mansir dama ya turo magabatansa? Mace ita kaɗai a saman sito, maza na shige da fice a ƙasa, wa zai bar miki marainiya a haka?"

"Inna, kin manta abin da Alhaji ya ce? Ya ce ran da na yi aure ranar zai ɗauke ta, ɗiyar ƙaninsa ba za ta yi agolanci ba."

"To ya ɗauke ta mana! Jugu lahira ce? Ni da na haife ki, wata nawa kika yi a hannuna kafin gwaggonki ta karɓe ki? Kin mutu? Ke ce dai ba ki da kunya, 'yar fari kina kiran sunanta gatsal a gaban mutane, kina goya ta kamar ke kika fara haihuwa a duniya."

Na ci gaba da yanka burodi. Ba a jayayya da Inna a waya, kuɗin kira kawai ake ƙonawa.

"Ki sa mayafin kirki," ta ƙara, "ba wannan yalolon ba." Ta kashe.

Na dubi Biju. Ya kaɗa min wutsiya sau biyu, bai san shi ne ƙarshena ba. Alhaji Labaran mutum ne da in inuwar kare ta gifta gabansa sai ya sake alwala. In ya tarar da yarinya ba ta magana, zai ɗauke ta. In ya tarar tana magana amma da kare a ɗaki, zai ɗauke ta tun kafin ya zauna. Ta ko'ina na juya, Jugu nake gani.

Mutum ɗaya ne ya san sirrina, Mansir. Yana fito da motoci daga tashar jirgin ruwa, yana da fili a bayan gari inda yake ajiye su. Wata huɗu ke nan yana nemana, ni kuma ina ta ja masa rai, ba don ba na so ba. Mutum ne mai sanyi, mai dariya da ido. Rana ta biyu ya hawo kawo wa Asiya yogot, Biju ya yi atishawa a kicin, ya dube ni, na dube shi, ya ce, "Allah ya ba mai mura lafiya," bai ƙara komai ba.

Na rubuta masa: *Alhaji zai zo bayan la'asar. Don Allah ka zo ka ɗauki baƙona zuwa magariba.*

Nan take ya amsa: *Ranki ya daɗe. Wata huɗu ina roƙon a ba ni aiki a gidan nan, ashe direban kare za a ɗauke ni.*

*Mansir, ba wasa nake ba.*

*Na sani, Luba. Ƙarfe biyu ina ƙofarki. Ki sa shi a kwando. Gimbiya fa, za ta yarda?*

*Zan ce mata asibiti za a kai shi.*

*Kada ki yi mata ƙarya. Ki ce mata yawo zai je da Kawu Mansir, zai dawo.*

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Ku gaya min, irin wannan mutumin ake cewa ya jira?

Na shiga aiki. Na share falo sau biyu, na bi kujeru da jiƙaƙƙen tsumma ina tsince farin gashi ɗaya bayan ɗaya. Na wanke ƙasa da sabulu mai ƙamshi, na kunna turaren wuta har idona na yaji. Na canza labule, na shimfiɗa sabuwar darduma. Na yi wa Asiya kalaba shida, na sa mata doguwar riga shuɗiya wadda babanta ya sayo mata daga Yamai, ta ɗan ɗage mata yanzu. Ni kuma na sa atamfata mai ganye da babban mayafi ruwan toka.

Tun hantsi rediyo ke ta gargaɗi cewa gagarumin hadari na tafe daga gabas, masu kamun kifi kada su fita, mutanen unguwannin kwari su kwashe kaya. Wajen sha biyu sama ta fara haɗuwa. Iska ta tsaya cak. Masu tayoyi a ƙasa suna ta jan kaya ciki suna ihu. Sai na tuna abin da Madam ta ce ranar da ta ba ni shi: Biju ba ya haushi, ko ɓarawo ya gani sai dai ya yi masa rakiya, amma tsawa ce ba ya ɗauka. In ya ji ta sai ya yi ta kuka kamar jariri. Maganin kawai a sa masa rigarsa. Wata 'yar jar rigar ulu ce da ɗiyar Madam ta aiko daga Kanada, wadda karnukan can ke sawa lokacin dusar ƙanƙara. A nan ba ta da amfani sai ran tsawa, in ta matse shi yakan ɗan natsu.

Asiya ce ta sa masa da kanta. Ina ji tana ce masa, "Kawo hannu. Ɗayan."

Ƙarfe ɗaya da rabi, na idar da azahar ke nan, saƙon Mansir ya shigo: *Ruwa ya riga ya sauka a nan, hanya ta cushe tun daga gada. Ina tafe amma kamar kunkuru.*

Ban gama karantawa ba na ji takun mutum biyu a bene, ɗaya mai nauyi, ɗaya mai jan silifa. Na san jan silifan nan tun ina cikin zane.

"Salamu alaikum! Luba, buɗe, Alhaji ya ce gara mu riga ruwa."

Ban san lokacin da na sunkuci Biju ba. Na tura shi kicin, na jefa masa ragowar cukun wagashi, na ja ƙofa na sa sakata. Na kama kafaɗun Asiya na durƙusa.

"Asiya, Baffa ne. Kada ki buɗe kicin. Kin ji? Don Allah, ɗiyata. Kuma in ya gaishe ki ki amsa, ko kalma ɗaya ce."

Ta dube ni da manyan idanun nan na ubanta. Bakin a rufe.

Alhaji ya shigo da farar shadda da carbi, ya cika ƙofa. Kamarsu ɗaya da marigayi, sai dai shi furfura ta cinye gemunsa, kuma ban taɓa ganin haƙoransa ba. Na durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Yaya Alhaji. An zo lafiya? Ya hanya? Ya su Hajiya da yara?"

"Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Ya zauna a kujerar da ke kallon ƙofar kicin. Cikin kujeru uku, ita ya zaɓa. Inna ta zauna a gefe tana shaƙar iska.

"Wannan turare haka, kamar ɗakin amarya?"

"Damina ce, Inna, ɗaki na warin sanyi."

Alhaji ya miƙa hannu. "Asiya. Zo nan, uwata."

Sunan mahaifiyarsu ne aka sa mata, shi ya sa yake kiranta haka. Ta je, ta tsaya a gabansa, kanta a ƙasa. Ya ciro ledar dabino daga aljihu ya sa mata a hannu.

"Ba gaisuwa? Ina wuni, uwata?"

Shiru.

"Wane ne ni?"

Shiru. Agogon bango kaɗai ke magana.

"Tana yi, Yaya," na ce. "Wallahi ta fara. Kwanan nan tana ƙirga, tana ba da labari."

"Da wa?"

Na saci kallon ƙofar kicin.

"Da wa take labarin, Lubabatu? Da ke?"

"Ita kaɗai... in tana wasa."

Ya girgiza kai a hankali. "Yarinya na magana ita kaɗai, kuma kina ganin sauƙi ne. Ba na zarginki, kin yi iya yinki. Amma ni na sa ƙanina a kabari da hannuna, na ce masa ɗiyarsa tana wuyana. Wata goma sha ɗaya. Motata za ta koma Jugu in kaya sun fito. Ki fara haɗa mata nata."

"Saura wata guda, Yaya. Kai ka ce shekara."

"Abin da wata goma sha ɗaya bai yi ba?"

Daidai nan aka yi tsawar farko, can nesa, kamar ana mirgina ganga a sama. Daga kicin na ji wani siririn sauti. Na yi tari da ƙarfi na rufe shi. Na miƙe na kunna fanka, a wannan sanyin. Inna ta bi ni da kallo.

"Ke lafiyarki? Kashe mana fanka. Kuma tunda muka zauna ko ruwa ba ki ba baƙo ba. Haka na koya miki? Mutum ya taso tun daga tasha."

Ruwa. Randa na kicin. Kofuna na kicin. Firji na kicin. Duk sharar da na yi, duk turaren, ban fito da ko kofi ɗaya ba.

"Yanzu, Inna. Bari in sauka in sayo mai sanyi."

"A hadarin nan? Randarki ta fashe ne? Zauna, ni in ɗebo, tunda ke yau kanki ba daidai yake ba."

Ta yunƙura. Na tare gabanta. "A'a, Inna, kicin ɗin a jiƙe yake, za ki zame."

"Matsa min."

"Inna, don Allah."

Muna cikin haka sama ta tsage. Tsawar da ta girgiza tagogi, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Cikin duhun da ya rufe falo, kuka ya tashi daga kicin, dogo, siriri, wanda ba tarin da zai iya rufe shi.

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Mene ne wannan?"

Na juya neman Asiya. Ba ta inda take. Dabino na zube a kan kujera, sakatar kicin a zare.

Ban motsa ba. Kukan ya ragu, ya koma ƙugi, ya tsaya. Muka ji ƙarar famfo. Aka buɗe, aka rufe. Aka buɗe, aka rufe. Na san me ake yi, don na ƙirga a zuciyata, sai da aka kai bakwai. Sannan aka buɗe murfin randa.

Ƙofa ta buɗe. Asiya ta fito tana tafiya a hankali, hannu biyu riƙe da kwanon silba cike da ruwa, idonta a kansa kada ya zube. Gaban rigarta ya jiƙe, da ƙasa a gwiwar hannunta. A bayanta, manne da ƙafarta, ga Biju cikin jar rigarsa ta ƙasar ƙanƙara, yana karkarwa.

Inna ta haye kujera da ƙafa biyu, mace mai shekara sittin. "Kare! Lubabatu, kare a ɗakin da kike salla? Kin kashe ni! Kin kashe ni a gaban surukai!"

Asiya ba ta kalle ta ba. Ta wuce har gaban Alhaji, ta durƙusa kamar yadda take ganin ina yi wa baƙi, ta ɗaga kwanon. Duk gidan nan ba abin da ya kai kwanon nan daraja a idonta, shi ta zaɓar wa baffanta.

"Baffa, ga ruwa."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Na Biju ne," ta ce, "amma na wanke. Sau bakwai. Ɗaya da ƙasa."

'Yan uwa, na sha jin ana cewa zuciya ta tsaya, ban san gaskiya ba ne sai yau. Abin da na yi wata goma sha ɗaya ina roƙo a sujada, ga shi ya zo, a gaban mutumin da ya kamata ya ji, kuma ya zo da abin da zai raba ni da ita. Na zube a ƙasa. Ban ma san me nake cewa ba, ina jin dai ina ta maimaita, "Laifina ne, Yaya, ba nata ba ne, ni na kawo shi."

Ko kallona bai yi ba. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yana dukan kwanon rufi. Ya dubi karen, ya janye ƙafarsa da bakin rigarsa. Ya dubi yarinyar.

"Sau nawa kika ce, uwata?"

"Bakwai."

"Wa ya koya miki?"

"Mama."

Mama. Rabona da jin sunan nan tun ranar ledar alewa.

"Alhaji, kada ka taɓa!" Inna ta ce daga saman kujera. "Asiya, ajiye abin nan!"

Hannun yarinyar ya fara gajiya, ruwan na rawa, ta fara sunkuyar da kai irin yadda take yi in za ta koma ciki. Na ga ya gani. Ya sa hannu biyu ya karɓi kwanon. Ya juya shi kaɗan, ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ce bismillahi, ya kai bakinsa, ya kurɓa sau ɗaya.

"Na gode, uwata. Ruwanki da sanyi."

Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya ciro hankici ya goge baki, ya goge ido a fakaice. Na ɗauka shi ke nan, na tsira. Har na fara hamdala. Sai ya juyo gare ni, fuskar nan ta koma yadda na san ta.

"Karen na wane ne?"

Na gaya masa komai, tun daga bayan kujerar Madam har wankin kwano.

"Kin ɓoye min, kin ɓoye wa mahaifiyarki. Wannan daban, za mu yi maganarsa. Na sha ruwan nan don ba zan mayar da hannun marainiya ba ran da ta fara kirana. Amma ɗiyar ƙanina ba za ta tashi da kare a matsayin bakinta ba. Ina so in sani, maganar nan tata ce, ko aro ce."

"Yaya, a hankali take dawowa, in aka ba ta lokaci..."

"Ki riƙe shi har mai shi ta dawo, amana ce, ban ce ki jefar ba. Ran da kika mayar da shi, ki ƙirga kwana uku, zan hawo benen nan. In ta gaishe ni babu shi, na bar miki ita, ko aure kika yi ta bi ki, ni zan gaya wa dangi. In ta yi shiru, ranar za ta kwana a Jugu. Inna, ke ce shaida."

Inna ta sauko da ƙafa ɗaya tana hararar Biju. "Na shaida. Ni dai a fitar da ni daga gidan nan."

Sai da ruwa ya tsagaita suka tafi. A bakin bene suka yi kiciɓis da Mansir, jiƙe sharkaf, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya durƙusa ya gaida su. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya amsa a gajarce, ya wuce. Mansir ya ɗago ido ya tambaye ni ba da baki ba. Na ce masa ya je, zan kira shi.

Na rufe ƙofa na jingina da ita. Na fara lissafi irin nawa na tela. Madam ta ce wata guda, yau kwana shida, saura kwana ashirin da huɗu. Zan fara fita da ita baranda babu shi, minti biyar, gobe minti goma. Zan sa ta gaida mai ruwa. Zan sa ta kira Inna a waya. Kwana ashirin da huɗu ba kaɗan ba ne, na ɗinka kayan biki guda a ƙasa da haka. Har na ji yunwa. Na hura gawayi na ɗora masara biyu, na zuba mana shayi.

Wuta ta dawo, waya ta yi ƙara a kan keken ɗinki. Saƙo ne daga Madam, da Faransancinta mai tsafta.

*Ɗiyata, albishir. Likita ya ce idon bai kai a yi aiki ba, magani kawai ya ba ni. Na gaji da zaman baƙunta, kewar tsohona ta ishe ni. Jibi da safe ina gida, zan biyo in ɗauke shi da kaina. Na gode, kin huta.*

Na karanta sau uku. Jibi, sai kwana ukun Alhaji su biyo baya.

Asiya na zaune a kan buhu, ta rungume Biju, tana cire masa jar rigar a hankali. Ta ɗago ta dube ni, ni, ba shi ba.

"Mama, wane ne?"

Wata goma sha ɗaya ina jiran ɗiyata ta yi min tambaya. Masara na ƙonewa a kan wuta, tana jiran amsa, ni kuma na kasa buɗe baki.